Da Ruwan Wa Za A Shayar Da Filin Golf In Fari Ya Zo?

Mutanen Arewa da ke zaune a Ikko da Badun da Fatakwal ba baƙin filin golf ba ne, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa riƙa sandar wasan da hannunsu. Duk wanda ya bi ta unguwar Ikoyi ya ga makeken filin nan mai ciyawa kore shar, inda manya kan fito da sassafe ko da la'asar suna bugun wata 'yar farar ƙwallo, yaro na biye da su da jakar sanduna a kafaɗa. Wasu suna kiran wasan ƙwallon lambu, wasu kuwa wasan attajirai. Akwai kuma 'yan ci-rani da suka sami abincinsu a irin waɗannan wurare, wani da gadi, wani da aikin lambu, wani da ɗaukar jaka.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawan ruwan da irin wannan fili yake sha. A Ikko abin ba ya nunawa sosai, domin damina tana da tsawo. Amma a ƙasashen da ruwan sama ya yi ƙaranci, fili guda yana iya shanye abin da zai ishi ƙaramin gari. To, in fari ya zo, hukuma ta fara auna wa mutane ruwan sha da na wanka, yaya mai kula da filin zai yi? An ga amsar wannan tambaya a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, cikin farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016. A wannan jiha akwai filayen golf wajen 900, kuma dubban leburori ne ke cin abinci a cikinsu, da yawansu 'yan ci-rani daga ƙasar Meziko da maƙwabtanta.

Yadda Filin Yake

Cikakken filin golf yana da ramuka 18, girmansa kuwa yakan kama daga eka 100 zuwa 150, wani ma ya fi haka. Kowane rami yana da sassa huɗu. Akwai mafari, inda ake soma bugu. Akwai doguwar hanya wadda ake aske ciyawarta, nan ɗan wasa yake so ƙwallonsa ta sauka. Akwai gefe, inda ake barin ciyawa ta yi ɗan tsawo don ta wahal da wanda ya yi kuskure. Sa'an nan akwai dandalin da ramin yake ciki, wanda 'yan wasa ke kira girin.

Wannan dandali shi ne ran fili. In aka haɗa duka 18 ɗin ba su cika wuce eka 3 ba, amma su ne suka fi cin kuɗi da aiki. Ginawa ake yi hawa-hawa. A ƙasa akwai bututun tsane ruwa, bisansu tsakuwa mai kaurin inci 4, bisan tsakuwa kuma yashi mai zurfin inci 12. A kan wannan yashi ake shuka ciyawa mai laushi, ana aske ta kusan kullum, har tsayinta kaɗan ne ya fi kaurin tsinken ashana. Yashi ba ya riƙe ruwa, ciyawar da ake askewa haka kuma saiwarta ba ta yin nisa. Saboda haka 'yan kwanaki na zafi ba tare da ban-ruwa ba sun isa su kashe dandali. In kuwa ya mutu, sai an sake shuka, a rufe wurin watanni ana jira, 'yan wasa su koma wani fili, ma'aikata su zauna ba aiki.

A can Amurka da wani ma'auni ake lissafin ruwan ban-ruwa, watau eka-ƙafa: ruwan da zai rufe eka guda har zurfin ƙafa guda. Eka-ƙafa ɗaya ta haura lita 1,200,000. Mai ruwa da ke tura kura a titunan Ikko zai fi gane abin in aka ce jarka 49,000 ce mai cin lita 25. A filayen da ke cikin hamada, a tsakiyar zafi, fili guda yana iya shan galan 1,000,000 a rana ɗaya, watau jarka wajen 150,000.

Shekarar Da Duwatsu Suka Bushe

Yanayin Kalifoniya ya saɓa da na ƙasar nan. Ruwansu yana sauka ne lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, daga Mayu zuwa Oktoba kuwa da wuya a ga ɗigo. Abin da ke riƙe su cikin rani shi ne dusar ƙanƙara da ke taruwa a kan duwatsun Sierra Nevada. In zafi ya shigo sai ta narke a hankali, ta gangaro cikin koguna da madatsun ruwa. Kusan sulusin ruwan da jihar ke amfani da shi daga wannan rumbu yake fitowa.

Shekarar 2013 ita ce mafi bushewa tun da aka fara rubuta yawan ruwan sama a jihar. Ran 17 ga watan Janairu 2014 Gwamna Jerry Brown ya kafa dokar ta-ɓaci saboda fari, ya roƙi jama'a su rage ɓarnar ruwa don kansu. Roƙo bai wadatar ba. Ran 1 ga watan Afrilu 2015 gwamnan ya hau duwatsun tare da ma'aikatan da ke auna ƙanƙara. A wurin da aka saba tarar da ita ta kai ƙafa biyar, sai ga shi tsaye a kan busasshiyar ciyawa. Ƙanƙarar da ta taru a wannan shekara kashi 5 ce kawai cikin 100 na abin da aka saba gani. Nan take ya ba da umurni birane da garuruwa su rage ruwan da suke sha da kashi 25 cikin 100, bisa ga abin da suka sha a 2013. Ba a taɓa yin irin wannan doka ta tilas a jihar ba sai ran nan. An ambaci filayen golf da maƙabartu da harabar manyan makarantu cikin waɗanda dole su rage.

Ɓarnar da farin ya yi ba ƙarama ba ce. A 2015 kaɗai manoma sun bar eka fiye da 500,000 ba shuka. Kafin ƙarshen 2016 hukumar gandun daji ta ƙiyasta itatuwa sama da miliyan 100 sun mutu a dazuzzukan jihar. A wani ƙauye mai suna East Porterville, inda yawancin mazauna talakawa ne masu ƙwadago a gonaki, rijiyoyin ɗaruruwan gidaje suka ƙafe tun daga 2014. Mutane suka koma wanka da bokiti, suna jiran tankar ruwa da kwalaben sadaka. A irin wannan hali duk wanda ya ga fili kore shar daga bakin titi, ba sai an gaya masa abin da zai ji a ransa ba.

Filin Pasatiempo

A bakin teku, kudu da birnin San Faransisko, akwai wani gari da ake kira Santa Cruz. A kan tudun da ke bayan garin akwai filin Pasatiempo, ɗaya daga cikin sanannun filayen Amurka. Wata mace ce ta kafa shi, Marion Hollins, wadda ta ci gasar matan Amurka a 1921. Wanda ya tsara shi kuwa Alister MacKenzie ne, likita mutumin Ingila da ya bar aikin asibiti ya koma zana filayen golf. An buɗe filin a watan Satumba 1929, kuma a wani gida da ke gefen rami na shida MacKenzie ya zauna har ya rasu a 1934.

Santa Cruz ba ta samun ruwa daga manyan magudanan da ke ratsa jihar. Abin da take da shi ke nan: kogin San Lorenzo, da wasu 'yan ƙoramu, da 'yan rijiyoyi, da madatsa guda ɗaya mai suna Loch Lomond. Don haka tun 2014, kafin dokar gwamna, hukumar garin ta fara rabon ruwa da ma'auni. An yanka wa kowane gida galan 249 a rana. Wanda ya wuce a ci shi tara, amma in ya yarda ya halarci wani aji na koyon tattalin ruwa, wanda mutanen garin suka sa wa suna makarantar ruwa, a yafe masa tarar sau ɗaya.

Filin Pasatiempo kuwa da ruwan famfon gari yake ban-ruwa, watau ruwan da mutane ke sha. Sai hukuma ta yanke masa rabin abin da ya saba samu. Ba wai masu filin sun kwanta barci ba ne kafin wannan lokaci, domin tun shekarun baya sun daina shayar da wajen eka 30 na gefe-gefe, sun bar ciyawar daji ta fito a wurin, sun kuma sabunta bututunsu. Duk da haka rabi abu ne mai yawa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Dole aka zauna aka tsara wace ciyawa za a ba ruwa, wace za a hana.

Wace Za Ta Sha, Wace Za Ta Haƙura

Tsarin da masu kula da filaye suka bi a duk faɗin jihar kusan iri ɗaya ne, kuma makiyayin da fari ya taɓa kama shi da garke zai gane shi. Dandali ne farko, domin shi ne ba ya farfaɗowa in ya mutu. Sa'an nan mafari. Sa'an nan tsakiyar hanya, inda ƙwallo ta fi sauka. Gefe, da filin koyon bugu, da furannin bakin ƙofa, su ne aka fara yanke wa ruwa.

Dalilin da ya sa wannan tsari ke aiki shi ne ba kowace busasshiyar ciyawa ce matacciya ba. Wata takan yi barci ne kawai. Ganye ya bushe ya yi ja, amma gindi da saiwa suna da rai, suna jiran ruwa. Ɗaya daga cikin ciyayin da suka fi iya wannan ita ce wadda Amurkawa ke kira bamuda, kuma ba wata ba ce illa ƙiri-ƙirin nan da manomi ke fama da ita a gona, wadda ke bushewa ƙurmus da rani, ruwan farko ya tashe ta. Irin ta aka gyara aka mai da ita ta filin wasa. Akwai kuma kikuyu, 'yar asalin Afirka ta Gabas, wadda ta mamaye filaye da dama a kudancin Kalifoniya. Waɗannan biyu sun fi ciyawar ƙasashen sanyi jure ƙishirwa nesa ba kusa ba, shi ya sa filaye da yawa suka tuge tsohuwar ciyawarsu suka dasa bamuda.

Ban-ruwan kansa ma ya sake kama. A da akan kunna injin da dare, ɗaruruwan bakunan feshi su tashi su jiƙa ko'ina bai ɗaya. Da fari ya matsa, sai aka koma aikin hannu. Tun da asuba lebura zai fita da wata na'ura mai tsinke biyu, yana soka ta a ƙasa wuri-wuri, tana nuna masa yawan damshin da ke ƙarƙashi. Inda ya ga ƙasa ta bushe ya jawo tiyo ya shayar da wurin kaɗai, inda da sauran laima ya wuce. Akwai kuma tashoshin auna yanayi fiye da 100 da gwamnatin jihar ta fara kafawa tun 1982, masu nuna yawan ruwan da rana da iska suka zuƙe daga ƙasa kowace rana. Da wannan lissafi mai kula da fili yake sanin abin da zai mayar, ba ƙari.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma in aka tara su suna da auki. An ɗaga bakin injin aski don ciyawa ta ɗan yi tsawo, saiwarta ta nutsa. An rage takin zamani, domin ciyawar da ta ƙoshi da taki tana saurin girma, mai saurin girma kuwa ya fi jin ƙishirwa. An riƙa huda ƙasa da ƙananan ƙusoshi don ruwa ya shiga maimakon ya gangare. Yashin da ya bushe ƙwarai yakan ƙi karɓar ruwa, sai ka ga ɗigo yana zamewa kamar a bayan agwagwa, don haka akan fesa wani magani mai kama da sabulu wanda ke sa ruwa ya ratsa. An hana 'yan motocin da 'yan wasa ke hawa bi ta kan busasshiyar ciyawa, domin taya tana murƙushe gindin da ke barci. Aka kuma bi bututu ɗaya bayan ɗaya ana neman yoyo.

Abin lura a nan shi ne fari bai rage aikin lebura ba, ƙara shi ya yi. Injin da mutum ɗaya ke kunnawa daga ofis ya koma aikin mutane da yawa masu jan tiyo cikin rana. Amma albashinsu daga aljihun 'yan wasa yake fitowa. A Pasatiempo an ceci dandali, amma hanyoyi suka yi ja, baƙin da ke zuwa daga nesa suna biyan kuɗi mai tsoka suka ragu, asusun kulob ya girgiza. Masu filin suka gane cewa muddin da famfon gari suka dogara, duk farin da ya zo haka za a yi, kuma ba wanda zai goyi bayansu a kan mai neman ruwan sha.

Ruwan Kwata Ya Yi Rana

Arewa da filin akwai wani ƙaramin gari, Scotts Valley. Garin yana da ma'aikatar tace ruwan kwata, watau ruwan wanka da wanki da na bayan gida da ke fitowa daga gidaje. Abin da ya yi saura bayan an tace, wani bututu ne ke ɗauke shi ya kai teku ya zubar, kuma wannan bututu kusa da filin yake wucewa. Shekara da shekaru ruwa yana bi ta ƙofar masu ƙishirwa yana tafiya a banza.

Bayan doguwar tattaunawa aka ƙulla yarjejeniya ta shekara 30 tsakanin kulob ɗin da garin. Kulob ya kashe wajen dala miliyan 9, ya gina tasa ma'aikatar ƙara tace ruwan, da tanki mai cin galan 500,000, watau jarka fiye da 75,000. Aka fara aiki da su a 2017, shekarar da Gwamna Brown ya janye dokar ta-ɓaci a yawancin jihar, ran 7 ga watan Afrilu. Daga nan filin ya sami hanyar ruwa uku: tataccen ruwan kwata, da rijiyarsa, da ɗan abin da yake karɓa daga famfon gari. Garin Scotts Valley ya sami kuɗi daga abin da a da yake zubarwa, Santa Cruz kuma ta sami sauƙi a madatsarta.

Ba su ne farkon yin haka ba. Filayen Pebble Beach, da ke tsallaken gaɓar daga Santa Cruz, sun fara shan tataccen ruwan kwata tun 1994, don haka farin bai taɓa su kamar yadda ya taɓa wasu ba. A Kalifoniya bututun irin wannan ruwa launin shunayya ake yi masa, a kuma kafa allo, don kada wani ya kuskure ya sha.

Sai dai ruwan kwata yana da tasa matsalar, ita ce gishiri. Duk abin da aka wanke da sabulu da omo yana barin gishiri cikin ruwa, tacewa ta yau da kullum kuma ba ta fitar da shi. Ruwa ya bushe, gishiri ya zauna a ƙasa, sannu a hankali ya ƙone saiwa, kamar yadda kanwa ke hana shuka a wasu fadamu. A shekarar kirki ruwan sama ne ke wanke shi. Cikin fari kuwa dole mai kula da fili ya riƙa auna gishirin, ya zuba farar ƙasar da ake kira jifsam, lokaci-lokaci kuma ya malala ruwa mai yawa a dandali don ya tura gishirin ƙasa da saiwa. A Pebble Beach sai da aka ƙara wata ma'aikata a 2008, mai matse ruwa ta cikin matata mai tsananin ƙanƙanta, kafin aka rabu da wannan damuwa.

Masu Famfo Da Masu Rijiya

Ba duka filaye ne suka sha wuya irin ta Pasatiempo ba. A kwarin Coachella, can cikin hamadar kudancin jihar inda garin Palm Springs yake, akwai filaye wajen 120. Ruwan saman da ke sauka a wurin a shekara bai fi na Agadas ba. Amma yawancin filayen suna da rijiyoyin burtsatse nasu, ko kuma suna jan ruwan kogin Colorado ta magudana, saboda haka rabon ruwan famfo bai kama su kai tsaye ba. Har ila yau suna da wata al'ada mai cin ruwa. Bamuda takan yi ja lokacin sanyi, lokacin kuwa shi ne baƙi masu kuɗi ke zuwa daga jihohin ƙanƙara. Don haka kowace Oktoba akan aske ta ƙwal, a watsa irin ciyawar sanyi a kai, a yi ta ban-ruwa dare da rana har ta tsiro. Cikin farin wasu filaye sun rage wannan, sun bar gefe ya yi ja.

Masu golf suna da hujjarsu. Sun ce duk ruwan da filayen jihar ke sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali noma yana ɗauke da wajen kashi 80 na ruwan da mutane ke sarrafawa. Sun ce kuma wasan yana ciyar da dubban iyalai. Masu suka suka amsa cewa gona abinci take bayarwa, kuma lissafin jiha duka ba ya shayar da wanda rijiyarsa ta ƙafe, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa tafki ɗaya ne, mai doguwar rijiya da babban inji shi ke shanye na mai gajera. Sai a watan Satumba 2014 Kalifoniya ta yi dokarta ta farko mai tsara ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mutanen East Porterville kuwa sai a 2016 aka fara haɗa gidajensu da famfon garin da ke maƙwabtaka da su.

Hukumomi sun gwada lallashi da kuɗi ma. Babbar hukumar ruwa ta kudancin jihar ta riƙa biyan dala 2 a kan kowane murabba'in ƙafa na ciyawar da aka tuge aka sa tsirran hamada a madadinta. Filayen golf da dama suka karɓi wannan kuɗi suka tuge eka-eka na gefe, abin da ya jawo gunaguni cewa an ɗebi kuɗin jama'a an ba masu hali.

A Wasu Wurare

Birnin Las Vegas na Jihar Nevada, wanda kusan kashi 90 na ruwansa daga kogin Colorado yake zuwa, ya bi hanyar ƙayyadewa. Shekaru da yawa kowace eka ta filin golf tana da izinin eka-ƙafa 6.3 a shekara, watau in da za a tara ruwan a kanta lokaci guda, zai shanye dogon mutum a tsaye. Daga 2024 aka rage zuwa 4, wanda ya wuce a ci shi tara mai nauyi. A Amurka baki ɗaya, ƙungiyar masu kula da filaye ta ƙiyasta ruwan da golf ke sha ya sauko daga eka-ƙafa miliyan 2.38 a 2005 zuwa miliyan 1.68 a 2020. Wani sashe na ragin daga tattali ya zo, wani kuma daga filayen da aka rufe.

A Faransa abin har ya kai ga rigima. Cikin farin 2022 garuruwa fiye da 100 suka rasa ruwan famfo, aka hana mutane shayar da lambunan gidajensu, amma aka bar filayen golf su shayar da dandali da dare, da ɗan kaso na abin da suka saba. Ƙungiyar golf ta ƙasar ta ce dandali yana mutuwa cikin kwana uku in ba ruwa. A watan Agusta wasu masu fafutukar kare muhalli suka shiga filaye kusa da birnin Tulus suka cika ramukan da siminti.

Dandalin Da Ba Ya Shan Ruwa

Tsofaffin ma'aikatan filayen ƙasar nan sun san wata hanya da ta riga duk waɗannan. Da Turawa suka kawo wasan Kano da Zariya da Kaduna da Jos, ba su da ruwan raya dandalin ciyawa cikin rani. Sai suka yi shi da yashi gauraye da baƙin mai, aka daddaɓe, ana kiransa birawun saboda launinsa. Kafin ɗan wasa ya buga, wani ma'aikaci zai ja buhu ko tabarma ya share masa hanya daga ƙwallo zuwa rami. Hanyoyi kuwa damina ce ke shayar da su, da rani su bushe, a ci gaba da wasa a haka.

Har a Ikoyi da birawun aka yi ta gasar Nijeriya wadda ƙwararru daga Turai ke zuwa. A nan Sandy Lyle, wanda daga baya ya ci manyan gasannin duniya, ya sami nasararsa ta farko ta ƙwararru a 1978. A 1981 wani Bature mai suna Peter Tupling ya gama zagaye huɗu da bugu 255 kacal, abin da ya shiga littattafan tarihin wasan. A Amurka ma filin Pinehurst mai lamba 2, a Jihar Karolina ta Arewa, da dandalin yashi aka san shi har 1935. Wannan fili ne kuma a 2010 da 2011 aka tuge ciyawar gefensa wajen eka 35, aka mai da wurin yashi da ciyawar daji, aka cire fiye da rabin bakunan feshinsa. Da aka yi babbar gasar Amurka a can a 2014, duniya ta ga gefen hanyoyi sun yi ja a talabijin, wasa kuma bai lalace ba.

Birawun yana da aibinsa, domin baƙin mai yana gurɓata ƙasa, 'yan wasan zamani kuma ba sa son sa. Shi ya sa Ikoyi da wasu filayen ƙasar nan suka koma ciyawa, sababbi irin na Abuja kuwa da ciyawa aka gina su tun farko. Amma kowane dandalin ciyawa alkawari ne na ban-ruwa kullum, har da watannin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyin unguwanni ke ja da baya, farashin jarka ke tashi. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 a Arewa sun san irin wannan shekara tana dawowa.

Saboda haka duk inda aka ji za a gina sabon fili, ko za a mai da birawun ciyawa, ya kamata hukuma da masu unguwa su tambaya tun da wuri daga ina ruwan zai fito, eka nawa za a shayar, wace irin ciyawa za a shuka, da kuma abin da za a fara yankewa in ruwa ya yi ƙaranci. Masu filin Pasatiempo sai da hanyoyinsu suka ƙone, baƙi suka gudu, sa'an nan suka sami ruwan da ba mai bukatarsa. Manyan biranen ƙasar nan kuwa kullum suna zubar da irin wannan ruwa cikin kwatami da lagun ba tare da an tace ba. Allah ya kawo damina mai albarka, ya kiyashe bayinsa daga fari.